Gayya Babu Hayaƙi

Malamin gona, ka ce ragwanci ne ya hana mutanen kan dutse gyara gonakinsu. Na gaji da jin wannan magana, amma zauna in ba ka misali.

An yi wani manomi a kan dutse, gonarsa hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da katangar duwatsu mai tare ƙasa kada ruwa ya tafi da ita. Da rani ake gyaran katangun, kuma da gayya: maƙwabta su ɗauki dutse, mai gona ya ciyar da su. Wata shekara rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara, ga katangar hawan da ya fi ba shi dawa ta zube. Ya sani sarai in damina ta same ta a haka, ƙasar ta tafi ke nan. Sai ya rufe ido ya kira gayya, yana fatan Allah ya kawo abin sawa a tukunya. Mutane kuwa suka zo, don ba mugaye ba ne. Suka yi ta cicciɓar duwatsu har rana ta take, kowa na satar kallon madafa. Ba hayaƙi. Matarsa na zaune a bakin murhu, kunya ta hana ta ɗaga kai. Masu gayyar su ma da yunwarsu suka baro gida. Wannan ya ce bari ya dubo akuyarsa, wancan ya ce zai kewaya ya dawo, kafin la'asar saura shi kaɗai da rabin katanga.

Ya ci gaba da fama shi ɗaya, ya ɗaga dutse jiri ya ɗebe shi, ya zauna, ya sake tashi. Bai kai ga rufe giɓin ba ruwan farko ya sauko da ƙarfi. Ruwan ya taru a bayan rabin da aka gina, ya ɓalle ta giɓin, ya kwashe ƙasar da kakanninsa suka hau da ita a kwando bisa kai. Da gari ya waye sai ya tarar da falalen dutse, ko ciyawa ba ta da wurin kamawa. Wallahi abin da ban tausayi. Ya ɗaure fartanyarsa ya gangara ƙasa, yana ƙodago a gonakin mutane har ƙarfinsa ya ƙare.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya.