Ruwan Kwata a Bidon Nono

Ranar da la'asar, Inna Hajo mai nono ta kawo wa Baba bidonta, wato tulun nononta na ƙarfe, rumfarsa ta walda a Dogon Dutsi. Amalanke ne ya lotsa shi. Da farko Baba ya cika shi da ruwa, sannan ya toshe bakin, sannan ya yi ta buga famfo har ƙarfen ya kumburo ya daidaita. Amma ruwan daga kwatar mahauta ya ɗebo shi, kore, yana warin tumbi.

Na ce, "Baba, a ɗauraye mana."

"Kai, rufe baki! Rijiya da nisa."

Inna Hajo ta dawo, ta yi godiya, ta juye nononta a ciki, ta tsiyayo mana tukuici. Baba ya miƙo mini ƙoƙon. Na runtse ido na shanye.