Tsakanin Karpathos da Baltimore

Argiro na shanya wanki a bayan gidansu a tsibirin Karpathos, sai ga saurayinta Stamatis da jaka a kafaɗa. Da rana zai hau jirgin sama ya koma bakin aikinsa a birnin Baltimore na Amurka.

"Argiro tawa, ki aure ni mu tafi tare," ya ce. "Yanzu ai Amurka ba nisa. Yau kin taso, gobe kina nan."

Ta ci gaba da matse rigar babanta, wanda ciwo ya kwantar tun bara.

"Gobe?" ta ce, ba ta ɗago ba. "Da jikin mamarka ya tsananta, ni na kira ka. Ka canza jirgi a Jamus, ka zo Atina babban birninmu ka maƙale, iska ta hana ƙaramin jirgi sauka nan. Ka iso mun dawo daga makabarta."

Ya sauke jakar daga kafaɗarsa.

"Ni na rufe mata ido, Stamatis. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai ta ɗaga kai, ta zata kai ne. Ban taɓa gaya maka ba."

Ya zauna a dakali ya rufe fuskarsa. Ta so ta dafa kafaɗarsa, amma ta san in ta taɓa shi, bin sa za ta yi.

"Ina son ka, Allah ya sani. Amma babana ba zai mutu yana kallon ƙofa ba. Tashi, kada jirgi ya bar ka."

Sai da ya sha kwana sannan ta durƙushe tana kuka.