Kwanon Awon Tallafi

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero yana bununi, gwamnati ta turo tallafin hatsi wani gari, tiya goma ga kowane gida duk wata. Tare da hatsin ta ware wani kuɗi daban, ta ce wannan na sa ido ne, don kada rabon mabukata ya zurare ta wata kafa. Mutanen gari suka yi ta gunaguni, suna cewa kuɗin da zai sayi ƙarin buhuna an kai shi ga masu zaman kallo. Wata biyu masu binciken da aka ɗauka da kuɗin suna zuwa daga birni, su duba sunaye, su duba dangwalen yatsa, su tarar komai daidai. Amma a gidaje, hatsin wata ɗaya kullum sai ya ƙare saura kwana huɗu, yara su kwana da ruwan kanwa. Babu wanda ya zargi mai rabon, domin mutum ne mai fara'a, kwanonsa kullum cike har ya yi tozo, kuma in ya gama auna maka sai ya ƙara maka tafi ɗaya gyara. Tsofaffi har albarka suke sa masa.

A wata na uku aka ɗauki wata tsohuwa da ragowar kuɗin sa idon, wadda ta yi shekara talatin tana awo a kasuwa kafin gwiwa ta zaunar da ita. Ba ta iya karatu ba, abin da ya sa aka yi ta dariya da aka ji an ba ta aikin. Jikokinta biyar na cikin masu kwana da yunwa a ƙarshen wata, don haka ba ta kula da dariyar ba. Ranar rabo ta shimfiɗa buhu kusa da mai rabon, ta zauna, ba ta ko kalli takarda ba. Kunnenta ta kasa. Da hatsin kwanon farko ya zuba a jakar wata mata, sai ta ji ƙarar ta katse da wuri, kamar waƙar da aka yanke wa ƙarshe. Nan take ta yi zargin kwanon bai kai tiya ba. Ta dake, ta shiga ƙirga da yatsu a ƙarƙashin mayafi. Buhun da ta sani tun ƙuruciya a tiya arba'in yake ƙarewa, ga shi an kai arba'in da shida bai kwanta ba. Ta san wannan aikin sarai, domin a gaban idonta wani ubangidanta na dā ya taɓa kifa kwano, ya daddaki gindinsa da taɓarya har ya shige ciki, yadda daga sama ba ka ganin komai sai cika.

"Ɗana, ara mini kwanon nan in sha ruwa," ta ce wa mai rabon. A gaban jama'a ba shi da bakin hana tsohuwa ruwa, ya miƙa yana yaƙe. Ta cika shi fal daga tulu, amma ba ta kai baki ba. Ta sa aka sauko da kwanon gwamnati mai hatimi, wanda aka saya da kuɗin sa idon kuma tun zuwansa yake rataye a bango cikin ledarsa, wai sabo ne kada ya lalace. Ta juye ruwan a ciki a hankali, ko ɗigo bai zube ba. Ruwa ya tsaya, saura yatsa biyu ya kai baki. Can wata mata ta rangaɗa guɗa, sai fili ya kaure. Masu dariya ɗazu su ne suka riƙa ture juna don su leƙa kwanon, kowa yana gwada gibin da yatsunsa, yana nuna wa na bayansa. Kafin la'asar masu binciken sun buɗe ɗakin bayan gidan mai rabon, suka fito da buhu ashirin da bakwai, bakinsu ɗinke da sabon zare. Aka tafi da mai rabon. Tsohuwa ta ɗaura ɗamara, ta karɓi kwano mai hatimi, ta sake awon tun daga gidan farko, mata suna ƙirga tare da ita da ƙarfi. Watan nan hatsi ya kai ganin jinjirin wata a kowane gida.

Shi ya sa Hausawa suka ce, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.