Shinkafar da Inna Ta Rina

Bayan rasuwar Baba, Inna tana takaba, ba ta fita, gidanmu na Birni kuwa ko tumatir babu. Muka ji Baffa zai zo daga Mirriya, in ya ga yunwa ya tafi da mu. Sai Inna ta barbaɗa garin kala mai ruwan goro, irin na masu ƙanƙara, a farar shinkafa har ta yi kamar dafa-duka.

Da ya yi sallama, ta raɗa mana, "Ku ci kamar da daɗi."

Lami ce, amma muka ci har da lasar yatsu. Baffa ya daɗe yana kallonmu, sannan ya koma shi kaɗai.

Har yau ban san ko ya gane ba, kuma ban iya tambayarsa.