Darussa Tara na Gambo

Malama Naja'atu ta goge Fiziks a karo na uku. Takardar rajistar jarrabawar kammala sakandare ce, mai gurbin darussa tara, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa a Gumel. Kullum ta cike ta da fensir ta tafi aiki, sai ta dawo ta tarar Gambo ya goge, ya mayar da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji da rubutunsa mai kama da sawun kaji.

Shekara shida ke nan tana wannan aiki a wata sakandaren 'yan mata. Ita ke raba ɗalibai tsakanin ajin kimiyya da ajin at, ita ke faɗa wa iyaye abin da ake bukata kafin yaro ya fita da takarda: kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Ta shawo kan 'ya'yan mutane ɗaruruwa, amma ɗalibi ɗaya na cikin gidansu ya gagare ta.

Tun daga aji uku Gambo ya ajiye littafi ya bi motocin Maigatari. Da ya ga uwar bari ya dawo, aka sa shi a darasin yamma. Sau biyu yana zana jarrabawar a ɓangaren kimiyya, sau biyu sakamako yana fitowa da tara-tara a jere kamar lambar waya. Hausa kaɗai ke rufa masa asiri.

Bana kuwa babu wasa. An riƙe masa gurbi a Sule Tankarkar, sharaɗin ɗaya ne, ya kawo takarda. In bai kawo ba, Yazid na gidan Manu na nan gefe da tasa a cikin leda, yana jira.

Taurin kan Gambo yana da tushe. Shekara ashirin shugaban ƙungiyar iyaye da malamai na yankin yana hawa dandamali ranar rabon kyaututtuka, yana rantsuwa cewa duk yaron da ya shiga at rago ne, inuwa ya je nema. Iyaye su yi ta tafi. Gambo ya haddace wannan huɗuba kaf, ko wasali ba ya ɓace masa. Ita ma Naja'atu huɗubar ta taɓa cin ta. Lauya ta so zama, aka tura ta kimiyya da tsawa, ta yi shekara uku tana kuka a kan Kemistiri. Har yau in ta tuna sai ranta ya ɓaci.

Ga shi Gambo ba ya yi mata magana kai tsaye. Ko sunanta ba ya kira. In ta biyo ta zaure sai ya kau da kai ya hau danna waya. Duk saƙo sai ta bakin Iya, tsohuwar gidan, wadda ba ta ganin laifinsa ko da ya ƙona rumbu.

"Iya, ki gaya masa ranar Alhamis ake darasin Lissafi, shi kuma kowace Alhamis yana kasuwar Maigatari."

"Ki ƙyale mini yaro ya huta. Ya ce in ya shiga at ɗin nan mutane za su yi masa dariya."

"Iya, ai dariyar da za a yi in Yazid ya karɓe gurbin ta fi wannan."

Ranar Laraba da la'asar ta daina roƙo. Ta sa Iya ta kai masa tsofaffin takardun tambayoyi guda biyu a gindin darbejiya, ɗaya Kemistiri, ɗaya Tattalin Arziki, tare da agogon bango. Awa guda ga kowace. Ita kuma ta tsaya a bayan labule tana kallo.

A Kemistiri ya rubuta sunansa, ya ƙawata shi, ya share gumi, ya nemi ruwa, ya tashi alwala alhali ba a kira salla ba. A Tattalin Arziki kuwa, da aka tambayi abin da ke tayar da farashi, ya cika shafi uku a kan riɗi da gero da canjin saifa a bakin iyaka, har ya nemi ƙarin takarda. Turancin a karye, amma hujjar ko malami sai ya sara mata.

Iya ta shigo da amsa tana jan ƙafa. "Ya yarda. Amma ya ce kada kowa ya ji. Kuma kada ki zaɓa masa zauren jarrabawa inda aka san fuskarsa."

Naja'atu ta so ta tambayi inda za a sami irin wannan zaure tsakanin Ɗanzomo da Gagarawa, sai ta haɗiye. Ta ɗauki biro a wannan karon, ta jera masa Turanci, Lissafi, Hausa, Addini, Tattalin Arziki, Gwamnati da sauran darussan ragwaye, tana danna kowane harafi da wani daɗi da ta daɗe ba ta ji ba.

Ta fito zaure ta durƙusa, ta miƙa takardar da hannu biyu. "Baba, saura sa hannu."

Alhaji Gambo, mai neman kansila, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ya karɓi takardar shigarsa at daga hannun 'yarsa ta fari, idonsa na kan tabarma.