Wayar da Iska ta Tsinko

Wayar lantarki ce ta kashe babana a garin Gulma, a kan idona, ina ƙarami.

Bayan la'asar hadarin farkon damina ya haɗu. Baba ya ce in ɗauko tabarma mu je mu rufe rumbun albasa kafin ruwa ya sauko. A bayan masallaci muka tarar iska ta karya reshen darbejiya, reshen ya tsinko waya, tana kwance a tsakiyar hanya.

A garinmu kowa ya san da zarar iska ta taso ake ɗauke wuta. Shi ya sa ban ji tsoro ba, na duƙa zan ja ta gefe.

Baba ya buge mini hannu.

"Bari, ɗana, wagga ta fi ƙarfinka. Riƙe tabarmarka."

Nauyinta yake nufi. Ya sa hannu biyu ya kama ta kamar igiyar jaki. Ran nan ba a ɗauke wutar ba.

Ban tuna ihunsa ba, in ma ya yi. Ƙauri nake tunawa, irin na babbakar akuya, da raɗaɗin bayan hannuna inda ya buge ni. Na tsaya rungume da tabarma, tunda abin da ya ce in yi ke nan, har mutane suka zo.

Yanzu na girme shi, na wuce shekarun da Baba ya yi a duniya. Ina gadin wani gida a unguwar Badariya. Mai gidan ya so ya ja mini wuta zuwa ɗakina, na ce ya bari.