Baƙuwa a Ɗaki na Sha Huɗu

Da kwamitin ɗakunan kwanan kwaleji ya kira abokiyar ɗakina, ni ma ina zaune, domin ni na rubuta ƙarar. Mako uku mahaifiyarta tana kwana a ɗakinmu. Daga ƙauye ta zo nan birnin Iași, ana yi mata maganin ciwon daji. Tarinta ya hana ni barci da karatu, har na faɗi jarrabawa biyu. Doka kuwa tana goyon bayana: baƙo ba ya kwana.

Shugabar kwamitin ta cire tabarau ta murza ido. "'Yan nan, ku taimake ni, ƙara ta tara ke nan yau. Yaushe tsohuwar za ta tafi?"

"Ta tafi jiya, Malama," in ji abokiyar ɗakina. "Likita ya ce a mayar da ita gida, ba sauran abin yi."

Aka rufe fayil. A bakin matakala abokiyar ɗakina ta miƙo mini kwalbar zakuska, miyar ganyayyakin da uwar takan shafa mana a burodi.

"Ta ce in ba ki. Wai ki yafe mata, ta takura miki." Ta gyara jakarta. "Ban gaya mata ke ce ba."